Kifin da ke rayuwa a bakin ƙanƙara da sinadarin da ke hana ƙwayoyin jikinsa mutuwa

A can ƙarshen kudancin duniya, cikin tekun da ya kewaye nahiyar Antaktika, akwai wuraren da sanyin ruwa ke tsayawa a digiri 1.9 ƙasa da sifiri kusan shekara ɗungurungum. Ruwan sha a sifiri yake daskarewa. Gishirin teku ne ke jinkirta daskarewar har zuwa wannan mataki, wato ruwan kullum yana gab da zama ƙanƙara, saura ƙiris. Jinin yawancin kifayen teku kuwa bai kai ruwan da suke ciki gishiri ba, saboda haka tun kafin a kai digiri 1 ƙasa da sifiri yake fara sandarewa. In da lissafi kaɗai za a bi, da bai kamata a samu kifi ko ɗaya a wannan ruwa ba. Sai ga shi akwai su jingim, har da wani ƙato da tsawonsa kan kusanci mita 2, nauyinsa ya haura kilo 100, yana kuma iya yin shekara 40 a duniya. Masana suna kiransa Dissostichus mawsoni, an sa masa sunan ne don tunawa da Douglas Mawson, ɗan Ostareliya da ya yi bincike a nahiyar. A wannan rubutu zan riƙa ce masa mai-haƙora, don da haƙoran nasa aka san shi.

Mu mutanen Yamai, da watan Afrilu ke gasa mu da zafin da ya wuce digiri 40, ba mu da abin da za mu auna irin wannan sanyi da shi. Daren Janairu idan ya sauka zuwa digiri 15, an shiga neman bargo ke nan, tsofaffi sun kewaye garwashi. Kifinmu ma haka yake. Masu kiwon kifi a gefen kogin Isa sun san cewa da hunturu ya kankama karfasa takan rage cin abinci, girmanta ya tsaya, a yi ta zuba abinci yana nutsewa a banza. Idan ruwa ya sauka zuwa wajen digiri 10 ya daɗe a haka, mutuwa take yi. A lura da kyau: digiri 10 sama da sifiri, babu ƙanƙara ko ƙwaya ɗaya a jikinta. Ashe sanyi yana da hanyar kisa da ba ta daskarewa ba, kuma wannan hanya ta biyu, da wani sinadari mai suna leftin da ake ganin yana taimaka wa mai-haƙora ya tsira daga gare ta, su ne ainihin abin da nake so mu warware.

Maganin daskarewa, da inda ya tsaya

Amsa ta farko an same ta da daɗewa. Wani matashin mai bincike ɗan Amurka, Arthur DeVries, ya yi aiki a sansanin bincike na McMurdo da ke Antaktika cikin shekarun 1960, yana kamun kifi ta ramukan da aka huda a ƙanƙara. A 1969 shi da malaminsa Donald Wohlschlag suka wallafa abin da suka gano a mujallar Science: jinin waɗannan kifaye yana ɗauke da wani furotin mai haɗe da sukari, wanda daga baya aka gano cewa da zarar ɗan ƙaramin tsinken ƙanƙara ya shiga jiki sai ya manne masa ya hana shi girma. Da wannan, jinin ba ya daskarewa sai an wuce digiri 2 ƙasa da sifiri, ƙasa kaɗan da inda tekun kansa ke daskarewa. Tazarar ba ta da yawa, amma ta isa.

A 1997 aka gano asalin ƙwayar gadon da ke sarrafa wannan furotin. Ƙwayar gado, ga wanda bai saba da kalmar ba, wani yanki ne na DNA da ke ɗauke da umarnin yadda jiki zai ƙera wani furotin guda, kuma ana gadonsa daga iyaye. Liangbiao Chen da DeVries da Christina Cheng suka nuna cewa ƙwayar gadon hana daskarewa ta tsiro ne daga wata tsohuwar ƙwayar gado ta narka abinci a hanji. Wani ɗan guntunta ne aka yi ta maimaitawa har ya zama sabon abu mai sabon aiki. A riƙe sunan Liangbiao Chen, za mu sake haɗuwa da shi.

Wannan furotin ya ba dangin waɗannan kifaye sarautar tekun. A wuraren da suka fi sanyi kusa da gaɓar nahiyar, kusan kashi 90 cikin 100 na nauyin duk kifin da ke wurin nasu ne. Amma aikinsa ɗaya ne tak, hana ƙanƙara girma. Ko narkar da ita ba ya yi. Hasali ma an gano cewa tsinkayen ƙanƙarar da ya kama sukan taru a saifar kifin, su ƙi narkewa ko da ruwa ya ɗan yi ɗumi. Sauran ɓarnar da sanyi ke yi wa jiki kuwa, babu ruwansa da ita.

Abin da sanyi ke yi a cikin ƙwayar jiki

Jikin kowane mai rai an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Kifi ba ya ɗumama jikinsa kamar mu, zafin jikinsa na ruwan da yake ciki ne. Duk lokacin da zafi ya ragu da digiri 10, saurin yawancin ayyukan sinadarai na cikin ƙwayar jiki yakan ragu zuwa rabi ko ma sulusi. Ƙera furotin ya yi jinkiri, gyaran abin da ya lalace ya yi jinkiri, wasu furotin ma sukan kasa naɗewa yadda ya kamata su zama tarkace.

Sai kuma fatar da ta lulluɓe kowace ƙwayar jiki, wadda da maiƙo aka yi ta. Duk macen da ta ajiye man shanu da man gyaɗa a ɗaki ɗaya da sanyin hunturu ta san abin da ke faruwa: man shanu ya daskare sai an sa cokali, man gyaɗa yana nan yana zuba. Fatar ƙwayar jikin kifin ruwan ɗumi ta fi kama da man shanu, sanyi yana sandarar da ita, ƙofofin da gishiri da abinci ke shiga da fita su toshe. Kifayen Antaktika sun cika tasu fatar da irin maiƙon da ba ya saurin daskarewa. Wannan ya warware matsala ɗaya, ya kuma buɗe wata.

Ruwan sanyi ya fi ruwan ɗumi riƙe iskar oksijin. Lita ɗaya ta ruwan daɗi a sifiri tana iya ɗaukar miligiram 14 da ɗoriya, a digiri 30 kuwa bai fi 7 da rabi ba. Mutum zai ce ai wannan alheri ne, kuma alherin ne ta wani ɓangare. Sai dai duk inda jiki ke ƙona abinci da oksijin, akwai wasu ɓurɓushin sinadarai masu cin abin da suka taɓa da ke fita, suna lalata DNA da furotin da maiƙo. Maiƙon nan mai laushi da kifin ya dogara da shi, shi ne kuma ya fi saurin lalacewa a hannunsu.

Idan ɓarna ta taru a cikin ƙwayar jiki, akwai wani tsari da Allah ya ajiye a cikinta na ta kashe kanta cikin natsuwa, ta naɗe kayanta, maƙwabtanta su share wurin. Wannan ba cuta ba ce. Da shi ne yatsun jariri ke rabuwa da juna tun yana ciki, da shi ne wutsiyar ɗan kwaɗo ke ɓacewa idan ya girma, da shi ne kuma jiki ke kawar da ƙwayoyin da suka fara karkata zuwa ciwon daji. Masana uku, John Kerr da Andrew Wyllie da Alastair Currie, su ne suka fayyace shi a 1972. Akwai furotin da ke tura ƙwaya zuwa ga wannan mutuwa, irin su p53 da Bax da kasfes-3, akwai kuma masu riƙe ta su ce a dakata, irin dangin Bcl-2. Rayuwar ƙwayar tana rataye ne a kan wanda ya rinjaya. A jikin kifin ruwan ɗumi da sanyi ya kama, masu turawa ne ke rinjaye, ƙwayoyi su yi ta mutuwa a hanta da sauran sassa fiye da yadda jiki zai iya maye gurbinsu. Kifin da zai zauna a bakin ƙanƙara tsawon ransa dole ya samu abin da zai danne wannan awo ya koma ɗaya ɓangaren. A nan ne maganar leftin ta shigo.

Daga ɓera mai ƙiba zuwa kifi

Leftin homon ne, wato sinadarin da wani sashe na jiki ke saki cikin jini don ya kai saƙo ga wani sashe. Labarinsa bai faro daga kifi ba. A 1949, a cibiyar bincike ta Jackson da ke jihar Maine a Amurka, aka ga wasu ɓeraye da ba sa ƙoshi, suna ci ba ƙaƙƙautawa har su ninka ƴan'uwansu nauyi sau uku. Daga baya wani masani a cibiyar, Douglas Coleman, ya yi wani gwaji mai ban mamaki: ya haɗa jijiyoyin jinin ɓera mai ƙibar da na lafiyayye, sai mai ƙibar ya rage ci ya fara ramewa. Ke nan akwai wani abu a jinin lafiyayyen da shi ba ya da shi. Sai a watan Disamba na 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller ta New York suka gano ƙwayar gadon, aka kuma fahimci cewa kitsen jiki ne ke ƙera sinadarin, yana gaya wa ƙwaƙwalwa yawan abin da ke ajiye.

An yi murna sosai a lokacin, ana zaton an samu maganin ƙiba. Kamfanin Amgen ya biya dala miliyan 20 don samun ikon sarrafa shi. Abin bai tafi yadda aka so ba, domin yawancin masu ƙiba leftin ɗinsu ya riga ya yi yawa, ƙwaƙwalwar ce ba ta sauraronsa. Inda ya yi aiki ƙwarai shi ne wajen ƴan tsirarun da aka haifa babu shi kwata-kwata, kamar wasu yara biyu ƴan gida ɗaya masu asali daga Pakistan da likitoci a Kembirij ta Ingila suka gano a 1997. Abin da masana suka koya a hankali shi ne, babban aikin leftin a jikin mutum yana bayyana ne lokacin da ya ragu. Idan yunwa ta ci kitse, leftin ya sauka, jiki ya shiga tsimi: ya rage ƙona abinci, ya rage ƙarfin garkuwa, mace ma jinin al'adarta na iya ɗaukewa. A ƙasa irin tamu da ta san shekarun fari, wannan bayani ba baƙo ba ne, sunan sinadarin ne kawai ba a sani ba.

An ɗauki shekara 11 kafin a gano leftin a kifi. Sai a 2005 wasu masana a Japan suka same shi a kifin nan mai kumbura ciki idan an taɓa shi. Dalilin jinkirin shi ne ya bambanta da na mutum ƙwarai, abin da suka yi tarayya a jerin tubalansu bai kai kashi 15 cikin 100 ba, duk da cewa siffar naɗewarsu kusan ɗaya ce. Aikinsa ma ya sha bamban. A yawancin kifaye hanta ce ke ƙera shi fiye da kitse. A wasu kifayen, yunwa ƙara shi take yi maimakon rage shi. A wani nau'in karfasa na Mozambik, an ga yana tashi idan aka mayar da kifin daga ruwan daɗi zuwa na gishiri, yana sa hanta ta saki sukari don jiki ya samu ƙarfin jure canjin. Wato a kifi, leftin ya fi kama da sinadarin lokacin tsanani fiye da na ƙoshi. Bugu da ƙari, kifaye da yawa suna da ƙwayar gadonsa iri biyu, ana kiran ɗaya “a”, ɗayar kuma “b”, saboda a can baya kakanninsu sun ninka dukkan DNA ɗinsu.

To me ya sa aka nufi mai-haƙora? Saboda kifi ne na kitse. Danginsa duka ba su da jakar iskar nan da ke cikin yawancin kifaye, wadda ke hana su nutsewa. Kakanninsu mazauna ƙasan teku ne, ba su buƙace ta ba. Shi kuwa mai-haƙora ya koma farauta a tsakiyar ruwa, yana nutsawa har zurfin mita 2,000. Abin da ke ɗauke da shi shi ne ƙasusuwa marasa nauyi masu yawan guringuntsi, da maiƙo mai yawa a ƙarƙashin fata da cikin tsoka. Joseph Eastman da DeVries sun nuna tun a farkon shekarun 1980 cewa babban mai-haƙora kusan ba shi da nauyi a cikin ruwa. Duk mai neman sanin yadda leftin ya kasance a cikin matsanancin sanyi, da wuya ya samu dabbar da ta fi wannan dacewa.

Abin da aka gani a Shanghai

A 2021 wata tawaga a Jami'ar Nazarin Teku ta Shanghai a ƙasar Sin, ƙarƙashin Liangbiao Chen ɗin nan da muka ambata, ta wallafa bincikenta a mujallar Frontiers in Physiology. Sun ware ƙwayar gadon leftin nau'in “a” daga mai-haƙora, suka duba ta ta fuska uku.

Da farko suka nemi inda take aiki a jiki. Sai suka ga ta fi ƙarfi a tsoka, sannan ƙoda da hanta, ta kuma yi rauni a ƙwaƙwalwa da hanji. Ni a karatuna wannan ya dace da halittar kifin, tun da tsokarsa ce rumbun maiƙonsa.

Na biyu ya fi buƙatar natsuwa. DNA yana samun ƴan canje-canje daga tsara zuwa tsara. Wasu canje-canjen ba sa taɓa furotin ɗin da za a ƙera, suna nan shiru. Wasu kuwa suna sauya tubali ɗaya daga cikin tubalansa. Irin na biyun yawanci illa suke yi, mai ɗauke da su ba ya barin zuriya da yawa, sai su ɓace. Saboda haka a yawancin ƙwayoyin gado, masu shirun sun fi yawa nesa ba kusa ba. Idan aka samu wata ƙwayar gado da masu sauya tubali suka taru a cikinta fiye da ƙima, alama ce cewa canjin yana da amfani, masu ɗauke da shi su ne suka fi rayuwa suka hayayyafa. Da aka jera leftin ɗin mai-haƙora da na kifayen ruwan ɗumi, irin wannan alama aka gani. Ya sauya da sauri, ta hanyar da ke nuna cewa muhallin ne ya tace shi. Siffarsa ta asali tana nan daram, cikakkun bayanan ne suka canza.

Na uku shi ne gwajin da ya ja hankali. Akwai wani ɗan ƙaramin kifi mai zane-zane daga Kudancin Asiya, kifin zebra, da ake kiwonsa a ɗakunan bincike a ruwa mai digiri 28, kusan irin ruwan da karfasa ke so. Suka ɗauki ƙwayoyin hantarsa da ake renonsu a faranti, suka sa musu ƙwayar gadon leftin ta mai-haƙora, suka saka su a sanyi tare da wasu da ba a sa musu ba. Waɗanda aka sa wa sun fi hayayyafa, a ɗumi da kuma a sanyi, sannan waɗanda suka kashe kansu a cikinsu sun ragu. Da aka bi sawu, sai aka ga leftin ɗin ya tayar da wani furotin mai suna STAT3, wanda aikinsa shi ne ɗaukar saƙo zuwa cibiyar ƙwaya inda DNA yake, ya kunna wasu ƙwayoyin gado. Masu riƙe ƙwaya su hana ta mutuwa, dangin Bcl-2 da wani mai suna mdm2 da ke rage ƙarfin p53, suka ƙaru. Masu turawa, Bax da p53 da kasfes-3, suka ragu. Awon ya karkata zuwa rayuwa.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne babu wani sabon abu da aka ƙirƙiro daga sama. Leftin yana jikinmu, STAT3 yana jikinmu, ta hanyarsa ne ma leftin ke magana da ƙwaƙwalwar ɗan Adam ya rage masa sha'awar abinci. Saƙo ɗaya ne, hanya ɗaya ce, amma a jikin wannan kifi an karkata su zuwa tsare ƙwayar jiki daga sanyi. Furotin hana daskarewa ya fito daga kayan narka abinci, wannan kuma daga kayan lissafin kitse. Kuma ba kifi kaɗai ba: a 2008 wasu masana a Sin sun ga irin wannan alamar saurin sauyi a leftin ɗin faika, wata ƴar dabba ƴar'uwar zomo da ke zaune a tsaunuka masu sanyi irin na Tibet. Akwai ma wani homon na daban, hefsidin, da hanta ke ƙerawa don daidaita sinadarin ƙarfe a jini. Kifayen Antaktika sun ninka ƙwayar gadonsa, har da wani sabon nau'i da ya bambanta da wanda aka saba gani. Wannan ma yana da ma'ana, domin ƙarfen da ya yi yawa a sake yana ƙara rura wutar ɓurɓushin oksijin ɗin nan.

Sai dai ina so mai karatu ya riƙe iyakar wannan hujja da kyau, don irin wannan labari idan ya shiga Facebook da WhatsApp yakan fito da ƙaho. Gwajin a faranti aka yi shi, a kan ƙwayoyin hantar wani kifi daban, an kuma sa su ƙera leftin fiye da yadda jiki ke yi da kansa. Abin da ya tabbatar shi ne cewa wannan leftin yana iya kare ƙwayar jiki daga sanyi, ya kuma nuna hanyar da yake bi. Tsakanin faranti da kifi mai kilo 100 a zurfin teku akwai tafiya mai nisa. Sannan leftin ɗaya ne daga cikin abubuwa da yawa da suka haɗu: furotin hana daskarewa, maiƙo mai laushi, yawan injinan ƙona abinci a cikin tsoka, da garkuwar ɓurɓushin oksijin. A cire ɗaya, sauran ba za su wadatar ba.

Akwai kuma wani gefen da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Danne p53 da kunna STAT3 a kai a kai, waɗannan biyun suna cikin alamun da likitoci suka sani a ciwon daji. Kusan rabin cututtukan dajin ɗan Adam ana samun p53 ya lalace a cikinsu. Ƙwayar da aka hana mutuwa alhali ta lalace, ita ce mafarin ƙari. Abin da ya zama kariya ga kifin da jikinsa ya daidaita da shi tsawon miliyoyin shekaru, ba lalle ya zama alheri a wani jikin ba. Duk wanda ya zo muku da wani ƙulli ko kwalba ya ce sinadarin kifin ƙanƙara ne mai ƙarfafa jiki, ku riƙe kuɗinku.

Tambayar da mai kiwon kifi a Yamai, ko masunci a tafkin Tabalak can jihar Tawa, zai yi ita ce: za a iya sa wa karfasa wannan ƙwayar gado ta daina jin hunturu? Tunanin ba sabo ba ne. A shekarun 1980 wasu masana a Kanada, Garth Fletcher da Choy Hew, sun sa wa kifin salmon ƙwayar gadon hana daskarewa ta wani kifin ruwan sanyi. Ta shiga, har ƴaƴa suka gada, amma abin da take ƙerawa bai kai yawan da zai kare kifin ba. Daga wannan aikin ne aka samu wani salmon daban, wanda aka sa wa ƙwayar gadon homon na girma haɗe da makunnin da aka ɗauko daga wani kifin ruwan sanyi, don ya ci gaba da girma ko da sanyi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince da cin sa ba sai a 2015, bayan kusan shekara 20 ana nazari. A ganina, abin da zai amfane mu nan kusa ya fi wannan sauƙi. Karfasa tana da nata leftin ɗin, kuma a cikin kowane tafki akwai waɗanda suka fi ƴan'uwansu jure sanyi. Sanin waɗanne ƙwayoyin gado ne ke da hannu a juriyar yana ba masu bincike, irin na Jami'ar Abdou Moumouni da cibiyoyin aikin gona, abin da za su duba wajen zaɓen iri, kamar yadda makiyayi ke zaɓen bijimin da zai bari a garke. Kafin nan, zurfafa tafkin kiwo da rage abinci a watannin sanyi suna nan a hannun kowa.

Ƙwarewar da waɗannan kifaye suka yi a sanyi ta ci musu wani abu. A 1967 George Somero da DeVries suka gwada wasu ƙananan ƴan'uwan mai-haƙora daga McMurdo, suka ga suna mutuwa da zafi idan ruwa ya kai wajen digiri 6, sanyin da bai wuce na cikin firiji ba. Kusan kowane mai rai, daga ƙwayar cuta zuwa mutum, idan zafi ya buge shi yakan gaggauta ƙera wasu furotin na agaji da ke gyara waɗanda zafin ya lalata. A shekarar 2000 Gretchen Hofmann da abokan aikinta suka nuna cewa ɗaya daga cikin waɗannan kifaye, Trematomus bernacchii, ba ya iya ƙara su ko an ɗumama shi. Igiyar ruwan da ke kewaya Antaktika ta killace tekun tun miliyoyin shekaru, zafinsa ba ya motsi, sai wannan dabara ta lalace don rashin amfani. Sai ga shi yankin tsibirin da ya miƙe daga nahiyar zuwa wajen Amurka ta Kudu ya shiga cikin wuraren da suka fi saurin ɗumama a rabi na biyu na ƙarni na 20, kuma kifin da ke kudu da kowa ba shi da wani wurin da ya fi sanyi da zai gudu zuwa.

Shi mai-haƙora yana da ƙarin damuwa, wato ƙugiya. Maiƙon nan da ke ɗauke da shi a ruwa ya sa namansa tsada a gidajen abincin Amurka da Asiya. An fara kamunsa don kasuwa a tekun Ross, wani sashe na tekun Antaktika, a ƙarshen shekarun 1990, ana kama wajen tan 3,000 a shekara bisa ƙa'idar hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da halittun tekun Antaktika, wadda ta fara aiki a 1982. Kifi ne mai jinkirin girma. Macensa takan haura shekara 15 kafin ta fara ƙwai, don haka abin da aka kwashe ba ya dawowa da wuri. A watan Oktoba na 2016, a birnin Hobart na Ostareliya, ƙasashen hukumar suka amince a keɓe murabba'in kilomita miliyan 1.55 na tekun Ross, fili da ya fi faɗin Nijar gaba ɗaya, aka haramta kamun kifi na kasuwa a mafi yawansa. Dokar ta fara aiki ranar 1 ga Disamba 2017, an kuma yanka mata wa'adin shekara 35.